Granary da Danginta: Tambayoyi da Amsoshi kan Asalin Kalmar Rumbu a Turanci

Ɗaliban Turanci, malaman makaranta da masu fassara labaran noma su ne suka fi kawo waɗannan tambayoyi. An sa musu lamba saboda amsoshin suna jingina da juna.

1. Mene ne *granary*, kuma yaya ake furta kalmar?

*Granary* suna ne na gini ko ɗakin da ake zuba hatsi bayan an sussuke an sheƙe, wato tsaba zalla. Jam'inta *granaries* ne: ana cire *y* a sa *ies*, domin baƙi ne ya gabace ta. A Ingila gaɓar farko tana ɗaukar wasalin da ke cikin *cat*. A Amurka ana jin wannan furuci, ana kuma jin wani da ke mayar da gaɓar farko daidai da *grain*. Duka biyun karɓaɓɓu ne, amma na biyun shi ke jefa mutane cikin kuskuren rubutu da aka yi bayani a tambaya ta 6.

2. Daga wane harshe ta fito?

Daga Latin, harshen Rumawa. Asalinta *granarium*, kuma yanki biyu ne aka haɗa: *granum*, ƙwayar hatsi ko iri, da ɗafin *-arium*, mai nuna wurin da ake ajiye abu. Aikin wannan ɗafi ya yi kama da na *ma-* a cikin makaranta, maƙera da ma'ajiya. Shi ne ya zama *-ary* a Turanci, kuma da zarar ɗalibi ya gane shi sai kalmomi da yawa su buɗe masa: *library* wurin littattafai, *aviary* wurin tsuntsaye, *apiary* wurin amya da ƙudan zuma. *Seminary*, makarantar horar da limaman coci, asalinta wurin rainon iri ne kafin a dasa.

Marubutan Rum sun fi amfani da jam'in, *granaria*. Varro, wanda ya rubuta littafinsa kan noma a shekara ta 37 kafin Miladiyya, ya bayyana iri biyu. Akwai waɗanda ake ɗagawa sama da ƙasa, kamar a wani sashe na Sifaniya da Afuliya ta kudancin Italiya, domin iska ta ratsa ta tagogi ta kuma bi ta ƙarƙashi. Akwai kuma ramuka a cikin ƙasa, waɗanda za mu koma kansu a tambaya ta 11.

3. Yaushe ta shiga Turanci?

A ƙarni na 16. Lokaci ne da malaman Ingila suka dukufa kan karatun Latin da Girkanci, ga injin buga littattafai da William Caxton ya kafa a Westminster a 1476 ya sa rubutu yana yaɗuwa. Masu rubutu suka riƙa ɗauko kalmomi kai tsaye daga littattafan Latin, su ɗan gyara musu wutsiya kawai. Shi ya sa *granary* take kusan yadda *granarium* take, ba ta sha wuya a bakin jama'a ba. Kafin zuwanta Turawan Ingila ba su rasa sunan ma'ajiyar hatsi ba: suna da *barn* tun asali, suna da *garner* da *grange* da suka aro daga Faransanci.

4. Da gaske ne *garner* da *granary* kalma ɗaya ce?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan shi ne ƙashin bayan zancen duka. *Granarium* ta shiga Turanci sau biyu, ta ƙofa biyu, tsakaninsu shekara wajen ɗari huɗu. Shigar farko ta bakin Normawa ce, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066 suka mayar da Faransanci harshen fada da shari'a. Zuwa ƙarshen ƙarni na 12 kalmar ta bayyana a rubutun Turanci da siffar *gerner*.

Ga yadda ta sauya, mataki-mataki. Da fari, a bakin mutanen Faransa ɗafin *-arium* ya tsuke ya zama *-ier*, wasalin farko kuma ya raunana, aka samu *grenier*. Na biyu, *r* da wasali suka yi musayar wuri, *gre* ta koma *ger*, aka samu *gernier*. Bahaushe ya san irin wannan musaya, domin ita ce ta ba mu bagaruwa da gabaruwa, hawainiya da wahainiya. A Turanci ma *bird* ta fito ne daga tsohuwar siffa *brid*. Na uku ya faru a Ingila kanta wajen ƙarni na 15, lokacin da *er* a kalmomi da dama ta koma *ar*: *sterre* ta zama *star*, *derk* ta zama *dark*, *gerner* ta zama *garner*. Ragowar wannan sauyi ne ya sa har yau Baturen Ingila yake rubuta *clerk* da *Derby* da *e* amma ya furta su da *a*.

A Sikotilan akwai 'yar uwarta, *girnel*, akwatin ajiye gari ko ɗakin tara hatsin da manoma suke biyan haya da shi.

5. To me ya hana ɗaya ta kashe ɗaya?

Sun raba aiki ne. Haka tagwayen kalmomi suke yi idan za su rayu tare: *frail* da *fragile*, *royal* da *regal*, *loyal* da *legal*, kowace ta fari ta bi ta Faransanci, ta biyun an ɗauko ta daga Latin. A Hausa muna da liman, wadda ta daɗe a bakin jama'a har ta haɗiye lam ɗin Larabci, muna kuma da imam ta bakin malamai.

*Granary* ta ƙwace ginin. *Garner* a matsayin suna ta tsufa, sai a waƙoƙi da tsofaffin littattafai. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, ta 1611, ita ta sa a Matiyu 3:12, inda fassarori na baya suka zaɓi *granary* ko *barn*. Abin da ya rayar da ita shi ne zama aikatau, tun ƙarshen ƙarni na 14: da farko zuba hatsi a rumbu, daga baya tattara kowane abu da ƙoƙari. Yau 'yan jarida ne suka fi riƙe ta, ga ƙuri'u, goyon baya, yabo da lambobin yabo. *Granary* kuwa ba ta da aikatau ko kaɗan.

6. Na ga an rubuta *grainery*. Daidai ne?

A jarrabawa da rubutun ofis, a guje mata. Ta samu ne saboda mai rubutu ya ga *grain* yana zaton daga ita aka gina kalmar, kamar yadda *bakery* ta fito daga *bake*. Amma *granary* ba a Ingila aka ƙera ta ba, a haɗe ta zo. *Grain* ta bi ta Faransanci, can ta samo *i* ɗinta, ita kuwa *granary* ba ta bi ta nan ba. Hanyar tunawa: babu *i*, kuma wasulan farko biyu duk *a* ne.

7. Ina alaƙar *grain*, *corn* da *kernel*?

Tushe ɗaya ne, amma can nesa. Latin da tsohon Turanci duk jikokin harshe guda ne da masana suke kira tsohon Indo-Turai, wanda ba a taɓa rubuta shi ba, ta hanyar kwatanta 'ya'yansa aka gano siffofinsa. Kalmar ƙwaya ta wancan harshe ita ta zama *granum* a Latin, *corn* a Turanci, *Korn* a Jamusanci, *zerno* a Rashanci. A harshen Lituwaniya ta zama *žirnis*, sunan wani dangin wake. *Kernel*, ƙwayar da ke cikin ɓawo, ƙaramar *corn* ce, tsohuwar siffarta *cyrnel*.

Abin da ya sa Latin take da *g* Turanci yake da sautin *k* ba dace ba ne, ƙa'ida ce. Rasmus Rask ɗan Denmark ya lura da ita a 1818, Jacob Grimm Bajamushe ya tsara ta a 1822, har ake kiranta da sunansa. Duk inda tsohon harshen yake da *g*, harsunan dangin Jamusanci sun mayar da ita *k*. Gwada da kanka: gwiwa *genu* ce a Latin, *knee* a Turanci, gona *ager*, *acre*, dangi *genus*, *kin*. Saboda haka *corn* 'yar gida ce, *grain* baƙuwa ce da ta zo ta tarar da 'yar uwarta.

8. Ashe *corn* ba masara kaɗai ba ce?

A nan masu fassara suke faɗuwa sosai. Ma'anar *corn* ta asali ita ce hatsi, kuma kowace ƙasa takan ba babban hatsinta sunan: alkama a Ingila, hatsin *oats* a Sikotilan. Turawan da suka je Amurka sun tarar da masara suka kira ta *Indian corn*, daga baya aka yar da kalmar farko. Dokokin hatsi na Birtaniya da ake kira *Corn Laws*, waɗanda aka kafa a 1815 aka soke a 1846, kan harajin shigo da alkama da danginta ne; wanda ya fassara su da dokokin masara ya ɓata tarihin. A Turancin Najeriya da Gana dawa *guinea corn* ce, da tsohuwar ma'anar nan. Naman gwangwani na *corned beef* ma babu masara a cikinsa, ƙwayoyin gishirin da aka jiƙa shi da su ne suka ba shi suna.

Ƙa'idar aiki: a duba ƙasar marubuci da shekarar rubutu kafin a zaɓi hatsi, alkama ko masara.

9. *Barn* fa, ita ma daga *granum* take?

A'a. Tsohon Turanci ce tsantsa: *bere*, sha'ir, da *ærn*, ɗaki, wato ɗakin sha'ir. Kalmomin biyu suka narke suka zama *berern*, sannan *bern*, sannan *barn* ta sauyin *er* zuwa *ar* da aka faɗa a tambaya ta 4. Wannan *bere* tana cikin *barley*, tana kuma cikin sunayen garuruwa irin su Barton da Berwick.

A gonar Ingila ta da aikinsu daban ne. *Barn* babban gini ne da ake shigar da dammunan hatsi da kan su da karan su, da ƙofofi biyu masu kallon juna a tsakiya: a daɓen da ke tsakaninsu ake bugun hatsi, iskar da ke ratsawa kuma ta kwashe ƙaiƙayi. Tsabar da ta fito sai a kai ta *granary*, ƙaramin gini a tsakar gona. A Amurka *barn* ta ƙara faɗi har ta haɗa da ɗakin shanu da dawaki.

10. Mece ce *grange*?

Ita 'yar gidan *granum* ce, ta bi ta Latin na tsakiyar zamani, *granica*, sannan Faransanci. Ta fara da ma'anar rumbu, sai ta koma gonar da gidan sufayen Kirista yake da ita nesa da mazauninsa, inda ake tara amfanin gona. Babban ginin Great Coxwell a yankin Oxfordshire, wanda aka gina wajen 1292, na irin wannan gona ce ta sufayen Beaulieu, kuma yana nan tsaye. Mai kula da gonar shi ne *granger*, nan sunan iyali na Granger ya samo asali. A Amurka ƙungiyar manoma da Oliver Kelley da abokansa suka kafa a 1867 ta ɗauki sunan Grange. A Ingila ta yau kuwa galibi sunan gidan ƙauye ne na masu hali.

11. *Silo* daga ina, kuma me ya bambanta ta?

Daga Sifaniyanci, kuma a ƙarni na 19 ta shiga Turanci. Abin mamaki ga wanda ya saba ganin dogayen hasumiyoyin ƙarfe shi ne asalin ma'anarta rami ce. Masana sun kasu biyu kan tushenta: wasu sun kai ta ga *siros* ta Girkanci, ramin hatsi, wasu ga tsohon harshen mutanen Sifaniya kafin Rumawa, suna kafa hujja da kalmar rami a harshen Bask na arewacin Sifaniya.

Varro ya ambaci irin waɗannan ramuka a Kafadokiya, cikin Turkiyya ta yau, da Tirakiya, a kudu maso gabashin Turai. Ya ce ana shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasa, a hana damshi da iska shiga, domin inda iska ba ta kai ba ƙwaro ba ya ƙyanƙyashewa. A cewarsa alkama takan yi shekara 50 a haka. Dalilin a fili yake yau: hatsi da ƙwarin da ke cikinsa suna numfashi, su cinye iskar da aka rufe da su, ƙwarin su mutu. Wannan dabara ce a cikin buhun PICS mai leda biyu a ciki da manoman wake suke amfani da shi a arewacin Najeriya da Nijar, kuma shi ya sa huda take rage amfanin buhun. To kun ga bambancin: *granary* tana kare hatsi da iska mai ratsawa, *silo* ta asali da toshe iska.

Daga *silo* aka samu *silage*, ɗanyen abincin dabbobi da ake rufewa ya yi tsami. Kalmar ta kuma koma kan ramin ajiye makami mai linzami, da sashen ma'aikata da ba ya musayar bayani da sauran. A Amurka da Kanada babbar ma'ajiyar kasuwanci *grain elevator* ce, tun wadda Joseph Dart da Robert Dunbar suka gina a birnin Buffalo na Amurka a farkon shekarun 1840, mai ɗaga hatsi daga jirgin ruwa da guga-guga a kan bel.

12. An ce gurneti ma dangin *granary* ne. Ta yaya?

Ta hanyar rumman. Wanda ya taɓa fasa rumman ya ga ɗaruruwan ƙwayoyi jajaye a cushe cikin ɓawo ɗaya zai fahimci sunan da aka ba shi a Latin na tsakiyar zamani, *pomum granatum*, ɗan itace mai ƙwayoyi, wanda ya zama *pomegranate*. Faransawa suka taƙaita shi zuwa *grenade*. A ƙarni na 16 sojoji suka ba ƙaramin bam na jifa da hannu wannan suna, saboda ƙwallo ne cike da ƙwayoyin albarushi. Sojan da ke jifa da shi shi ne *grenadier*. Daga Turanci kalmar ta shigo Hausa, kuma da yake harshenmu ba ya fara kalma da baƙi biyu a jere, *gre* ta koma *gur*.

Gidan yana da yawa. *Garnet*, jan dutse mai daraja, daga *grenat* ne, da musayar nan ta tambaya ta 4. *Granite* daga Italiyanci ne, dutse mai tsaba-tsaba. *Granule* ƙaramar ƙwaya ce, ita ta ba da *granular* da *granulated* da ake gani a kwalin sukari. *Filigree*, aikin maƙeran zinariya da azurfa na siraran wayoyi, zare ne da ƙwaya a haɗe.

13. Me ya sa *grain* take nufin awo, da jijiyar katako, da hali mai wuyar fita?

Awon ya samo asali daga nauyin ƙwayar hatsi guda. Tun yarjejeniyar 1959 an tsayar da shi a miligiram 64.79891, kuma 7,000 ne suke yin laba ɗaya. Har yanzu da shi ake auna harsashi da albarushi, kuma ƙwayar asfirin mai miligiram 325 gadon tsohon awon *grain* biyar ce.

Ma'anar hali mai wuyar fita ta rini ta biyo. A Turai ta da ana samun ja mai tsada daga wani ƙwaro da ke maƙale a itacen oak na bakin Bahar Rum. Idan ya bushe kamar ƙwayar hatsi yake, sai aka kira rinin da *grain*. Tufar da aka rina da shi ba ta koɗewa, daga nan *ingrained* ta zama siffar ɗabi'ar da ta kama jiki. Kalmar ta kuma koma kan yanayin saƙar abu, har jijiyar katako, wadda kafinta ya san idan ya yi fiƙa saɓaninta sai katakon ya tsage.

14. Waɗanne kalmomi ne suke kama da dangin amma ba dangi ba ne?

*Grand* daga *grandis* ce, babba, kuma ita ta haifi *granny*. *Grant* ta fito daga aikatau na Latin mai ma'anar gaskatawa. *Garden* da *garnish* Faransanci ya aro su daga harsunan Jamus. *Grind*, niƙa, duk da kusancinta da hatsi, tushenta daban. *Corn* ta kantar ƙafa daga *cornu* ce, ƙaho. *Gram* kuwa biyu ce: ta awo Girkanci ce, amma *gram* ta waken Indiya ta fito daga *grão* ta Fotugal, wato *granum* ce.

Kamannin haruffa ba hujja ba ne. Mai son tabbatarwa ya buɗe ƙamus mai kawo tarihin kalma, ya nemi siffarta mafi tsufa da shekararta, ya ga harshen da ta bi, sannan ya tambayi kansa ko sauyin sautin yana faruwa a wasu kalmomi ko kuwa a wannan kaɗai ake son ya faru.

15. Yaya kalmar take a sauran 'ya'yan Latin?

*Granero* a Sifaniyanci, *granaio* a Italiyanci, *grenier* a Faransanci. Ɗaliban Nijar, Kamaru da Chadi su lura: a Faransa *grenier* ta fi nufin ɗakin da ke ƙarƙashin rufin gida, saboda can ake ajiye hatsi a da, amma a rubutun da ya shafi Sahel rumbu take nufi.

Rumawa suna da wata kalma, *horreum*, ta manyan ɗakunan ajiya na gwamnati da na soja. Kangayensu suna nan a Housesteads da Corbridge, a yankin ganuwar Hadiriyan ta arewacin Ingila, wadda aka fara ginawa a shekara ta 122 Miladiyya, da daɓe a ɗage bisa ginshiƙai ko gajerun katangu. Turanci bai gaji kalmar ba, Sifaniyanci ya gada: *hórreo* na Galisiya da Asturiyas a arewacin Sifaniya, rumbu bisa ƙafafun dutse. A kudancin Ingila ma ana ɗora *granary* bisa duwatsu 9, 12 ko 16 masu siffar lema, *staddle stones*. Ɓera yana iya hawa ƙafar, amma ba ya iya zagaye hular da ta baje a samanta. Aikin yana lalacewa ne idan aka bar tsani ko wani itace jingine da ginin, shi ya sa ake cire matakalar bayan an fito.

16. A taƙaice, da me zan fassara kowace zuwa Hausa?

*Granary* rumbu ce, ko rufewa idan ginin ƙasa ake nufi. Sai dai a tuna rumbunmu yakan ɗauki dammuna, nasu tsaba kaɗai. Inda bambancin yake da muhimmanci a ce rumbun tsaba. Idan an kira wata ƙasa *granary* ta wata, kamar Masar ga birnin Rum, rumbun abinci ya dace. *Garner* a labaran yau aikatau ce: ya samu ƙuri'u, ta tattara goyon baya, kada a sako rumbu a ciki. *Barn* sai an duba abin da ke cikinta: ɗakin ajiyar amfanin gona, ko ɗakin dabbobi, ko barga idan dawaki ne. *Silo* a rahoton gwamnati babban rumbun zamani ne na ƙarfe ko kankare, a labarin soja ramin makami ne. *Grange* idan sunan wuri ce ko ƙungiya a bar ta yadda take. Haka *Granary* da babban baƙi a jikin ledar burodi a Birtaniya: sunan kasuwanci ne na kamfanin Hovis, na burodi mai ƙwayoyin alkama da aka tsirar, ba a fassara shi.